Katakon da Ya Ƙi Shan Ruwa

Litinin: Kano zuwa Nguru

Ƙarfe biyar da kwata na asuba muka bar gida, ni da matata Binta da mahaifiyata Inna. Ƙarshen damina ne, a shekarun nan da man fetur ya yi wuya. Ni kafinta ne, gadaje da kujeru nake yi, kuma a lokacin ji nake babu mahaluƙin da zai koya mini wani abu a kan katako.

Ga abin da ya tashe mu. Mahaifina fataucin bandar kifi yake yi. Ina shekara shida ya shiga kwale-kwale a Gashuwa zai je saro kifi wurin masunta, bai dawo ba. Ba a ga gawarsa ba, ba a ga matuƙin ba. Katako guda aka tsinto, mai koren fenti, tsawonsa kamu biyu. Shekara talatin da ɗaya katakon nan yana ƙarƙashin gadon Inna. Ba ta sake aure ba, ba ta taɓa cewa "Allah ya jiƙansa" ba, kuma ba ta yarda a sa wa ƙofar gidanmu sakata. In ka yi magana sai ta ce, "In ya zo fa?" Sau biyu ɓarayi suna kwashe mana kaya, ko a jikinta.

Ni da ƙaninta Kawu Sule, mazaunin Nguru, muka yi shawarar a ƙera kwale-kwale sadaka ga manoman da ke tsallaka kogi zuwa fadama, ladan ya je wa Baba. Inna ta yarda bisa sharaɗi biyu: da ita za a je, kuma da katakon.

Fijo muka samu a tashar 'Yankaba, ba ta cika ba sai bakwai saura. Direba ya miƙo hannu zai sa katakon a but, Inna ta ce a cinyarta zai zauna. Ta naɗe shi da farin zane. Bayan Gumel muka tarar da shingen sojoji, wani ya leƙo, ya ja da baya.

"Mama, gawa ce kuka ɗauko?"

"Ba gawa ba ce," in ji Inna. "Ba a ga gawar ba."

Sojan ya ɗaga mana hannu mu wuce, ko takardun mota bai duba ba. Daga nan har Malam Madori babu wanda ya ƙara tari a motar.

Muka sha mai na bumburutu a Birniwa, muka shiga Nguru ƙarfe ɗaya da rabi. Matar Kawu, Ya Falmata, ta tarye mu da "Lale, lale, wushe!" Ta kawo burabusko da miyar yakuwa, an zuba mata bandar tarwaɗa har ba ka ganin ganyen. Na ci har na kwance maɓallin wuya. Inna ta ture kifin gefe, kamar yadda ta saba tun ina yaro, ta ci gayan burabusko da ɗan romo.

Da la'asar Binta ta ja ni bayan ɗaki.

"Malam, na buɗe jakar Inna zan ɗauko mata carbi. Kaya kala ɗaya ta zo da shi. Sauran likkafani ne, da turare."

Na ce tsofaffi haka suke. Ta ce, "Jiya fa ta raba wa maƙwabta kwanukanta." Sai a lokacin na gane Inna ba ta taho da niyyar komawa Kano ba.

Talata: Gashuwa

Ƙarfe takwas muka shiga a-kori-kura ta Kawu, mata a gaba, mu a baya. Ruwa ya cika hagu da dama, ga kacalla, doguwar ciyawar nan da ke toshe hanyoyin ruwa, ta fi tsawon mutum. Muka tsaya Jajimaji muka sha fura da nono, muka isa Gashuwa goma da rabi. Ko'ina an shanya barkono, ja wur, atishawa kawai muke yi.

Maƙerin jirgin yana bakin kogi ta wajen Katuzu. Sunansa Ba Bukar, tsoho ne siriri, Hausarsa da nauyin harshen Bade. Jirginmu na kan gungume biyu, saura kaɗan. Na tsaya ina kallon aikinsa ina taɓe baki. Babu tef, babu fensir, da taƙi da gawayi yake awo. Yana cusa auduga tsakanin katakai da bakin wuƙa, ya bi da kwalta mai zafi, ya rufe da fallen gwangwani da ƙananan ƙusoshi. Kowane katako ya kafa sai ya ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, ya kara kunne.

Na ce, "Baba, katako ma magana yake yi?"

Ya ce, "Naku na gado barci yake yi. Namu aiki yake yi."

Kawu ya yi dariya, ni kuwa na ji haushi.

Inna ta kwance farin zanen, ta ce tana so a sa wannan a jikin jirgin. Da farko Ba Bukar murna ya yi. Ya ce al'adarsu ce ma, a sa tsohon katako guda a sabon jirgi don ya koya wa sababbin ruwa. Ya karɓa, ya ƙwanƙwasa. Ya sake ƙwanƙwasawa. Sai ya ajiye shi a ƙasa a hankali, ya goge hannu a riga.

"Hajiya, ina sauran jirgin?"

Kawu ne ya ba shi labari.

"To, ki yi haƙuri. Katakon jirgin da ya ci mutum ba ya komawa ruwa. Ya san hanya."

Inna ta ce, "To." Ta miƙo mini katakon, ta ce, "Lawal, riƙe." Tunda nake ban taɓa ganin ta saki katakon nan a hannun wani ba. Na ga fuskarta, zuciyata ta tafasa. Na ce a raina wannan camfi ne, kuma tsohon nan bai isa ya kunyata uwata ba.

Laraba

Allah na tuba. Da Ba Bukar ya tafi sallar azahar, na dawo da katakon cikin buhu. Na ɗauki gudumarsa, na kafa shi ƙarƙashin bencin zama na baya, kamar tokara, ƙusa huɗu. Na shafe koren fentin da kwalta. Minti goma bai cika ba. Har yaba wa kaina na yi da tsaftar aikin.

Da la'asar aka tura jirgin cikin ruwa, aka ɗora masa duwatsu ya nutse. Haka ake yi: sabon jirgi sai ya kwana biyu ko uku a ƙasan ruwa, katakai su sha su kumbura, su matse juna, sannan ba ya yoyo.

Alhamis da Juma'a

Mun sauka gidan wani abokin cinikin Kawu, Bahaɗejen da kakansa ya zo Gashuwa da fatauci. Shinkafar garin suka yi ta ba mu, mai ɗan ja-ja, da farfesun kifin ragon ruwa wanda barkononsa ya sa Binta hawaye. Ta shiga kasuwa ta sayo tattasai rabin buhu, wai tsaraba. Inna kuwa kullum bayan sallar walaha sai ta tafi bakin kogi ta zauna daidai inda aka nutsar da jirgin. Ba ta tambaye ni katakon ba ko sau ɗaya. Wannan shirun ya fi faɗa damuna. Na sa Binta ta riƙa bin ta, kada ta bar ta ita kaɗai kusa da ruwa.

Asabar: a kan ruwa

Ƙarfe goma aka cire duwatsu, aka kwashe ruwan da ƙwarya. Matar Ba Bukar ta raba gumba sadaka. Tsohon ya fara bin katakai da ƙwanƙwasa tun daga goshin jirgin. Na yi maza na kama hannun Inna na zaunar da ita a bencin baya, na ce, "Baba, rana na yi, tsohuwa ba ta jure zafi." Ya dube ni, ya ji nauyin ya tashe ta, ya ɗauki gorar tuƙi.

Mu huɗu muka shiga: Inna, ni, Binta da shi. Kawu ya ce shi ruwa ba sa'ansa ba ne, ya tsaya a gaɓa. Tsallakawa kawai za mu yi mu dawo, tafiyar da ba ta kai ta shan shayi ba.

Muna kaiwa tsakiya goshin jirgin ya karkata hagu. Ba Bukar ya kafa gora ya miƙe shi. Ya sake karkata. Ruwa gabas yake tafiya, jirgin yana neman yamma, wajen wani ɗan lungu a cikin kacalla. Babu iska ko kaɗan. Sau uku yana miƙe shi. A na huɗu ya ajiye gorar, ya durƙusa yana ƙwanƙwasa katakai ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana ba da amo mai nauyi na abin da ya sha ruwa. Ya zo bencin baya, ya zura hannu, ya ƙwanƙwasa. Ƙwas! Kamar busasshiyar ƙwarya.

Ya zaro hannunsa ya duba, a bushe.

"Kwana uku a ƙasan kogi, bai sha ba," in ji shi. "Ya riga ya ƙoshi. Wa ya yi wannan?"

Kafin in buɗe baki Inna ta ce, "Ɗana ne. Tun da na zauna na shafa na gane shi. Ƙyale jirgin, Malam Bukar, ya je inda za shi."

Ko da bai ƙyale ba, mun riga mun shiga lungun. Kacalla ta rufe mu, ba ma ganin gaɓa, ba ma jin muryar mutanen da muka baro. Muka ɓulla wani fili na ruwa, faɗinsa kamar tsakar gida, baƙi ƙirin, ko motsi ba ya yi. Duk tsuntsayen da suka cika kogin nan, a nan babu ko ɗaya. Rana tsaka ce, amma sanyi nake ji a ƙafafuna. Jirgin ya tsaya cak. Ba Bukar ya zura gorarsa duka har hannu, bai taɓo ƙasa ba.

Inna ta cire takalmanta, ta jera su. Ta miƙe tsaye.

Binta ta fasa salati. Ni na damƙi gefen zanenta da hannu biyu, ina kuka kamar ɗan shekara shida. "Inna, don Allah! Inna, ni na jawo, ki zauna!"

Ba ta ko dube ni ba. Ruwan take kallo, fuskarta a sake, irin ta wadda ta ji sallamar da ta daɗe tana jira.

"Nan ne," ta ce. "Ashe nan kake."

Ba Bukar bai ɗaga murya ba. "Hajiya, nasa ya zo karɓa, ba ke ba. Ki ba shi abinsa. Ke kina da masu jiranki a tudu." Ya zaro awartaki daga aljihu ya jefo mini. "Kai da ka kafa, kai za ka cire."

Ban yarda na saki zanen ba sai da Binta ta rungume ƙafafunta. Ƙusa huɗun da na kafa cikin minti goma, wallahi sai da na yi gumi sharkaf kafin su fita. Na miƙa wa Inna katakon. Ta rungume shi a ƙirji, ta daɗe, har na fara tunanin tare za su tafi. Sannan ta durƙusa, ta kwantar da shi a kan ruwa da hannu biyu, yadda ake kwantar da jariri.

Ni kafinta ne, na san busasshen katako yawo yake yi a saman ruwa. Wannan nutsewa ya yi tsaye, ko kumfa bai tayar ba.

Inna ta ce, "Allah ya jiƙanka, Malam. Allah ya sa ka huta."

Muka ce amin. Ta zauna, ta mayar da takalmanta. Can wani tsuntsu ya yi kuka, Ba Bukar ya taɓa gora kaɗan, jirgin ya juya salin-alin. Da muka fito, Kawu ya ce awa biyu muka yi, har an fara neman jiragen da za su bi sawunmu. Ni da an tambaye ni, cewa zan yi minti ashirin.

A gaɓa na durƙusa gaban tsohon na ba shi haƙuri. Ya ce, "Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Tashi, ka toshe mini ramukan ƙusarka." Na toshe su da auduga da kwalta, yana tsaye a kaina, sau biyu yana sa ni sakewa. Har yau ban san me ya ja jirgin nan ba. Wani ya ce mini ruwan ƙasa ne ke juyawa a wurin. Wataƙila. Ban yi gardama ba, na daina gardama a kan kogi.

Da yamma matar Ba Bukar ta gasa mana kifin karfasa da yaji. Inna ta miƙa hannu ta gutsura. Binta ta mintsine ni, na yi kamar ban gani ba.

Lahadi: komawa gida

Ƙarfe shida muka bar Gashuwa, muka yi sallama da su Kawu a Nguru, Ya Falmata ta cusa mana bandar kifi a kwali. Taya ta fashe mana kusa da Gezawa, ba mu shiga gida ba sai ana kiran magariba. Inna barci ta yi tun daga Birniwa, cinyarta babu komai.

Ina godiya ga Allah da ya kai mu mu uku ya dawo da mu mu uku. Ina gode wa Kawu Sule da Ya Falmata, da mai masaukinmu na Gashuwa, da Ba Bukar wanda ya yafe wa kafintan birni rashin kunyarsa. An ce jirgin ya yi shekaru yana tsallakar da manoma lafiya.

Bayan sallar isha na fito zan janyo ƙofar gida kamar kullum, sai na tarar da Inna a zaure tana kokawa da sakata. Tsatsa ta cinye ta, ta ƙi motsi.

"Tsayawa za ka yi kana kallona?" ta ce. "Ɗauko man gyaɗa da gudumarka. Kowa ya riga ya shigo."