Gishirin da Inna ta ɓoye mini

Jama'a, na san na daɗe ban ce uffan ba a nan. Yau kewar mahaifiyata ta sa ni magana.

Tun da hawan jini ya ɗauke Baba, Inna ta ɗaura yaƙi da gishiri a gidanmu na Tajaye. Miyarmu ta koma lami.

Ni kuwa a lokacin ba abin da raina ke so sai gishiri. Ga kasala, ga jiri in na miƙe. Na rame, na yi baƙi har dasashi.

Abin har ya kai ina laɓaɓawa garke in lashi gishirin awaki. Ran nan Inna ta kama ni durƙushe, wata akuya na hararata.

"Hadizatu, mi nika gani? So kike ki bi ubanki?"

Ta ɗauke gishirin, ta kulle a ɗaka.

Ba a jima ba amai ya kama ni, na faɗi a bakin rijiya. Na tsorata ƙwarai, na ɗauka tafiyar ke nan.

A asibitin Ƙonni aka sa mini ruwa, aka tura mu Yamai awon jini. Akuyar nan aka sayar muka yi kuɗin mota.

Likita ya ce wa Inna: "Jininta ba hawa yake ba, sauka yake." Ya ce wasu 'yan halittu da ke saman ƙoda sun daina yin sinadarin da ke ba jiki ƙarfi, da wanda ke riƙe gishiri. Ƙwayoyi iri biyu za su maye gurbinsu, har ƙarshen rayuwa.

Inna ta dafe kai. "Ashe da hannuna nika kashe ɗiyata."

Daga ranar, ita ke tashe ni shan magani. In an zuba tuwo, sai ta kwance bakin zanenta ta barbaɗa mini gishiri a kwanona ni kaɗai, tana cewa: "Ci, 'yar awaki."

Alhamdu lillahi, na murmure. Na gode wa duk wanda ya yi mini addu'a.

Masu irin ciwona, kada ku tsallake magani. In zazzaɓi ko amai ya zo, ku garzaya asibiti. Azumi da yawan gishiri kuma, ku tambayi likita tukuna.

Inna ta rasu bara, Allah Ya jiƙanta. Da muka zo naɗe kayanta, kowane zane na ɗaga sai in tarar da ƙullin gishiri a bakinsa.