Kaskon Magen Iya

Jiya da hantsi ina shanya sai na ji ƙarar yaƙushi a bayan katanga. Na leƙa. Magen maƙwabta ce a kan tulin yashin magina, ta gama abin da ya kawo ta tana turbuɗewa, ba gaggawa ba komai. Na tsaya riƙe da jiƙaƙƙen zani har ruwansa ya ɗige mini a ƙafa. Ni ba mai tsayawa kallon mage ba ce, duk wanda ya san ni ya san ba ni da wannan haƙurin. Amma akwai abin da na yi ina 'yar shekara goma sha biyu wanda ko mijina ban taɓa faɗa wa ba, kuma a kan mage aka yi shi.

Ba zan ja maka rai ba, mai karatu, don ni ma ba na son a ja mini. Kakata, mahaifiyar Baba, wadda kowa a unguwarmu ta Ƙofar Kwaya ke kira Iya, tsufa ya kai ta inda ba ta iya riƙe fitsari. Ba ta son a sani. Magenta ce ke ɗaukar laifin warin ɗakin, ni kuma na raba ta da magen. Labarin ke nan a dunƙule. A lokacin ban san halin da take ciki ba, amma wannan bai taɓa sanyaya mini rai ba.

Shekarun da kuɗin man fetur suka faɗo wa ƙasar nan ne. Baba akawu ne a ofishin gwamnati, aka yi musu ƙarin albashi, gidanmu ya canza cikin rani ɗaya. Ya sayi babur da rediyo mai kaset, ya ja wutar lantarki, ya rufa ɗakuna da kwano, sannan ya sa aka malale tsakar gida da siminti tun daga zaure har bakin rijiya. Da magina suka iso ƙofar ɗakin Iya, ta fito da sandarta ta ce su tsaya nan.

"Siminti sanyi gare shi, shina shiga ƙashi," in ji ta. "Ku bar mini ƙasata."

Aka bar mata ɗakinta na ƙasa da azara. Wadda ba a yi shawara da ita ba ita ce magen, wata fara mai baƙin tabo a kunne, wadda Iya ke kira mussa irin na mutanen da. Tun da take a duniya a gindin katanga take haƙa raminta. Ta wayi gari ba ƙasa ko tafin hannu. Kwana biyu tana zagaye tana yaƙushin siminti, rana ta uku ta yi a cikin tokar murhu. Sai Iya ta fito da wani tsohon kasko mai faɗi da ya tsage a baki, ta sa aka cika shi da ragowar yashin magina, aka ajiye a bayan ƙofarta. Baba ya ce a kai shi kusa da banɗaki mana. Ta ce mussa ta tsufa, ba ta son ruwan sama. Baba ba ya ja da uwarsa.

Kaskon ya zama aikina. Kullum da safe kafin in tafi makaranta, in ɗauki guntun sakaina in kwashe inda ya jiƙe da abin da ta binne, in kai juji. In dawo in barbaɗa toka, toka mai sanyi ta jiya, wadda aka tankaɗe ba gawayi a ciki. Duk bayan kwana uku a zubar da yashin gaba ɗaya, a goge kaskon da toka da soso, a kifa shi a rana har ya yi zafin da ba a iya taɓawa, sannan a zuba sabo. Da damina nan ne wahalar take, don yashin waje a jiƙe yake, sai na baza shi a kan buhu a zaure ya sha iska. Sau ɗaya na zuba ruwan maganin nan mai warin asibiti da Baba ya kawo don banɗaki, magen ta shinshina ta juya ta yi a ƙarƙashin gadon Iya. Ban sake ba.

Na iya aikin, wannan kam ba zan yi ƙarya ba. A makaranta ana koya mana darasin tsabta, ana zana mana ƙuda a allo da ƙwayoyin cuta a ƙafafunsa, ni kuwa na ɗauki abin da zafi. Iya ta sa mini suna Duba-gari, wato ma'aikacin nan da ke shiga gidaje yana leƙa randa da banɗaki.

"Ga Duba-gari nan, ku ɓoye tukwanenku," in ta hango ni da sakaina.

"In kin ga dama ki yi ta tsiya, ranar da na gaji ke za ki kwashe," ni kuma in ce mata.

"Kun ga bakin ko? Wa zai kwashi wannan ɗiya?"

Abin da ya dame ni shi ne duk yadda na goge, warin yana nan. Kaskon zai fito daga rana ba ya warin komai sai ƙasa, in mayar da shi, in dawo daga makaranta in tarar da ɗakin kamar ban taɓa shi ba. Iya tana kunna turaren wuta safe da yamma, sai warin biyu su haɗu su zama wani abu na uku.

Ita kuwa mai jama'a ce. Bayan la'asar ɗakin ba ya rabuwa da tsofaffi, babbarsu ƙawarta tun ta ƙuruciya, mai sayar da daddawa daga Ƙofar Sauri. Duk wadda ta shigo, bayan doguwar gaisuwa, sai ta taɓa hanci ta ce, "Kai Iya, wannan mussa taki!" Iya ta ce, "Ai ta ishe ni, to ya zan yi da ita?" A yi dariya, a fasa goro, a shiga hira. Kullum haka. Ni kuma ina jin abin kamar da ni ake, don ni ce mai kaskon. Na kai ƙara wurin Inna, mahaifiyata. Ko ɗagowa ba ta yi daga tankaɗenta ba, ta ce, "Ki yi aikinki, ki bar mage."

Azumin shekarar a ƙarshen damina ya zo. Wari a kan cikin da ba komai, ba sai na faɗa maka ba. Ga shi ƙawayena biyu na aji sun ce za su biyo ta gidanmu yawon Sallah. Ɗayarsu na taɓa shiga gidansu, falo da leda da kujerun kushin, da turaren gwangwani da ake fesawa. Kuma duk wanda ya shigo gidanmu ran Sallah, ɗakin Iya zai fara shiga. Na kwana biyar ina tunanin fuskar yarinyar nan in ta taka ƙofar.

Ran jajibere gida ya rikice da kitso da lalle da gyaran kaji. Da azahar mai itace ya sauke kaya daga jakinsa a ƙofar gida, wani mutumin ƙauye da ya sha yi wa Baba kukan ɓeraye sun gama da rumbunsa. Iya tana barci. Na ɗauki magen, ta saba da hannuna, ko motsi ba ta yi ba, na sa ta a buhu na miƙa masa.

"Da yardar tsohuwa?" ya tambaya.

"Ita ta ce a ba ka."

Kaskon kuwa na kai juji na buga shi da dutse. Na share bayan ƙofar, na ɗauko gwangwanin turaren Baba na feshe ɗakin har Iya ta yi atishawa cikin barci. Bayan shan ruwa na ji ta tana kiran mussa da ɗan ƙanzo a hannu. Ta tambaye ni kaskon. Na ce na kifa shi a waje. Ta daɗe tana kallona.

Ran Sallah an yi yayyafi da safe, rana ta buɗe da ƙarfi. Bayan azahar ɗakin Iya ya cika da mata, sun fi goma, kowa da sabon zani mai sitaci. Ni da ƙawayena muna tsaye a bakin ƙofa. Mai daddawa ta gyara zama, ta taɓa hanci.

"Kai Iya, wannan mussa taki ko ran Sallah ba ta hutawa?"

Aka fara dariya. Iya ta buɗe baki za ta ba da amsarta. Na riga ta.

"Ai babu mage a gidan nan. Tun jiya na bayar da ita, har kaskon na fasa."

Da ƙarfi na faɗa, don ƙawayena su ji.

Dariyar ta tsaya. Warin yana nan, a ƙarƙashin turaren gwangwani, ya fi na kullum ma saboda zafi da yawan mutane. Na ga idon wata tsohuwa ya sauka a gefen tabarmar Iya inda ta yi duhu, ya yi maza ya tashi. Kowa ya sami abin kallo a tafin hannunsa. Mai daddawa ta ce, "Damina ce, ƙasa ta sha ruwa." Ba wadda ta taya ta. Iya ta ja mayafinta ta rufe gwiwoyinta, ta tura musu faifan goro.

"Ku tashi ku tahi, akwai gidajen da ba ku gaida ba."

Da suka watse Inna ta kama hannuna ta kai ni bayan madafi. Na shirya wa duka. Ba ta dake ni ba. Wani baho ta buɗe, zannuwa uku a jiƙe cikin ruwan sabulu, na san su sarai.

"Shekara biyu ke nan," ta ce a hankali. "Tana tura su ƙarƙashin gado, ina ɗauka bayan asuba in wanke, in shanya a tsakanin nawa. Ba ta taɓa ce mini komai ba, ban taɓa ce mata komai ba. Ko Babanku bai sani ba." Ta mayar da murfin. "Je ki, ƙawayenki na jira."

Daga ranar Iya ta saki asabarin ƙofarta. In baƙi sun zo bayan la'asar, sai a aike ni in ce tana barci, ni da bakina, ina jin tarinta a ciki. Sati biyu suna zuwa, sannan suka rage, sannan sai dai su aiko da gaisuwa. Na tare mai itace ranar da ya dawo, ya ce magen ta yage buhu ta tsere tun kafin ya kai gida. Na roƙo 'yar mage a maƙwabta, na samo wani kasko, na busar da yashi na tankaɗe toka, na shiga da su. Iya ta kalli 'yar magen tana rawar ƙafa a kan tabarma, har ta shafa mata kai da yatsa ɗaya.

"Maida ta wurin uwarta, Duba-gari. Ba ni da aikin da zan ba ta."

Ban taɓa ba ta haƙuri ba. Na sha shiga da niyyar yi, sai in ga ba yadda zan fara ba tare da na ambaci abin ba. Sai dai na riƙa riga Inna zuwa ƙarƙashin gadon. Iya tana juya fuska bango in na durƙusa. Da bazarar da ta biyo baya ta rasu.

Bayan shekaru, satin bikina, ina zaune cikin lalle aka shigo da mai daddawa, ta tsufa sosai sai an riƙe ta. Da ɗaki ya rage mu biyu na ce mata ni ce na tona wa ƙawarta asiri. Ta yi dariya har da tari.

"Wane asiri? Ke kina tsammani hancinmu ya toshe ne? Ni da nake kwana cikin daddawa ma na san warin mage, na san na mutum. Duk mun sani. Ita ma ta san mun sani." Ta goge ido da bakin mayafi. "Mussar ce ke ba mu abin cewa in mun shiga, mu samu mu zauna. Da kika ɗauke ta, mi za mu ce?"

Yanzu kuɗin man sun tafi inda suka fito. Simintin tsakar gidanmu ya tsattsage har ciyawa na fitowa, ɗakin Iya kuma an rushe shi an yi shago mai fuskantar titi. Kwanakin baya na je dubiya asibiti, na ji wata ma'aikaciya ta ɗaga murya daga wannan bango zuwa wancan tana tambayar wa ke da tsohuwar da ta jiƙa gado. Ba wanda ya ga laifinta, haka ake yi yanzu, a kira abu da sunansa a wuce wurin. Ni ma cikin masu yin hakan nake, kuma sau da yawa shi ne daidai. Amma ranar ban iya ɗaga kai na kalli gadon ba. Mata fiye da goma, ba wadda ta taɓa shiga aji, suka riƙe wa Iya maganar nan shekara biyu cur suna shiga suna fita. Ni ban iya jira ta ba da amsarta ba.