Rabon Wanda Ba Ya Nan

Ya Aisa mutuniyar Bama ce, mai haɗa turaren wuta, irin matan nan da ake jin ƙamshinsu kafin a ji sallamarsu. Mijinta ya rasu da wuri, ya bar ta da ɗa guda, Usama, mai wankin hula a bakin kasuwa. Ranar da 'yan bindiga suka shiga garin, ita tana gida, shi yana wajen sana'arsa, kowa ya yi ta kansa. Ƙafa da motar itace suka kawo ta Jimeta, gidan Jannatu, 'yar wanta, malamar firamare. Usama kuwa ko ɗuriyarsa ba a ji ba.

Danginsu suna da wata al'ada tun kaka da kakanni: in ɗan gida ya yi tafiya, ba a tsallake shi wajen rabon tuwo. Sai a zuba nasa, a rufe da faifai, in bai dawo ba a ɗumama da safe a miƙa wa maƙwabta. Mamaci kaɗai ake kife wa kwano. Don haka Ya Aisa ta ci gaba da zuba wa Usama, shekara da shekaru, har matan layin suka saba da ɗumamenta.

Ita Jannatu labarai take rubutawa a waya, mata suna karantawa kashi-kashi. Ba muguwa ba ce, ita ke saya wa goggonta maganin hawan jini. Amma marubuci in ya hango abin rubutu, ko a cikin likkafani yake sai ya ɗaga ya leƙa. Ta riƙa zama bakin murhu tana tambaya, tsohuwa kuwa ta saki baki, don ta daɗe ba ta sami mai tambayarta ɗanta ba. Ta faɗi tsayinsa, ta faɗi tsagen fuskarsa, ta faɗi cindon da ke hannunsa na hagu, wanda ta hana wanzami cirewa saboda kakansa ma yana da shi.

Jannatu ta kwashe duka, ko sunan ba ta canza ba, wai ya yi daɗi a baki. Da ta ga labarin uwa mai jira bai ja mutane ba, sai ta ƙara gishiri: a kashin ƙarshe, Usaman labari ba ɓacewa ya yi ba, shi ya shigo da 'yan bindiga gari, shi ya nuna musu gidajen malamai. Nan fa labari ya karɓu. Aka buga shi littafi, aka gayyace ta taro a Yola, ta yi jawabi kan raya al'adun gida a cikin rubutu, aka tafa mata.

A layinsu kuwa aka daina karɓar ɗumame. Ya Aisa ba ta karatun boko, a bakin wata maƙwabciya ta ji dalili.

"Jannatu," ta ce cikin Hausarta ta Barno, "me yaron nan ya yi maka?"

"Haba Goggo, ƙirƙira ce fa. Kowa ya san labari ba gaskiya ba ne."

"Sunansa ma ƙirƙira ne? Yatsansa fa?"

Jannatu ta ce za ta gyara in an sake bugawa. Ba a sake ba.

Ashe Usama yana raye. Kamaru ya tsallaka, ya yi ta fama a sansanin 'yan gudun hijira, har wani direba ya ce masa an ga uwarsa a Jimeta. Ya iso da hantsi, da 'yar jakarsa, ya tsaya shagon Malam Salihu a bakin layi yana tambayar gidan Ya Aisa mai turare. Salihu, wanda bam ya kashe wa ƙane, matarsa kuma ta karanta masa littafin tas, ya ba baƙo benci da ruwan sanyi, ya zaga baya ya kira 'yan sintiri. Suka ɗaure shi tamau, suka miƙa wa masu kaki. A lokacin uwar tana tsakar gida tana soya itacen turare da sukari. Ta ji hayaniyar, ta zaci ɓarawon waya aka kama.

Jannatu ta yi kuka kamar ranta zai fita. Ta bi ofis-ofis da littafin a hannu tana rantsuwa ita ta ƙaga komai. Wani jami'i ya ce mata in ƙage ne, yaya aka yi yatsun suka zo daidai? Daga baya aka ce an wuce da shi gaba, kuma har yau babu mai faɗin ina.

Ya Aisa ba ta zagi kowa ba, abin da ya fi cin ran Jannatu ke nan. Tana nan a gidan, tana gaishe ta safe da yamma kamar baƙuwa. Sau ɗaya ta ja mayafi ta tafi shagon bakin layi. Salihu na ganinta ya fara kame-kame.

"Mama, ki yi haƙuri, ni abin da littafi ya faɗa..."

"Ba shi ya kawo ni ba. Kai ka gan shi, ni ban gan shi ba. Ya rame?"

Salihu ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana gyara jerin sabulu.

"Wallahi Mama, ban dubi jikinsa ba. Hannun kawai na duba."