Zakaran Surukai Da Kajin Kaka

Jiya da hantsi maƙwabciyata ta ƙona tsohuwar ciyawar akurkinta, ta watsa ɗanyen ganyen dogon yaro a kan wutar. Hayaƙin ya tsallako katanga ya same ni ina tankaɗe. Hayaƙi ne mai ɗaci, mai kama maƙogwaro. Na ajiye rariya. Ina zaune a Dapaong, amma hancina ya riga ya koma Sokodé, unguwar Didaouré, bayan ɗakin kakata.

Bari in fara da yadda gidan yake, don ku gane abin da ya biyo baya. Babana mahauci ne. Kaka mahaifiyarsa ce, kuma ni nake kwana a ɗakinta tun da aka yaye ni. Ba ta da gona, ba ta da rumfa a kasuwa. Abin da take da shi kaji ne, masu launin wake-wake, gajeru, masu yawan ƙwai. Uwarsu ta farko da ita aka kawo Kaka gidan miji, a cikin kwando, a kan kayan ɗaki. Daga nan abin ya zama dokar gidanmu: duk 'yar da za ta yi aure, sai ta tafi da sagara ɗaya daga wannan zuriya. Gwaggonnina duka sun tafi da tasu. A shekarar da nake ba ku labari, yayata ce a kan layi, ni kuma ina bayanta.

Kaka tana da wata doka ta biyu. Kazar da ta shigo daga waje, ko saye ko kyauta, ba ta haɗuwa da na gida nan take. Ana kife ta da babban kwando a gindin mangwaro, can nesa da akurki, da ruwanta da tsabarta daban, har sai Kaka ta gamsu da numfashinta da kashinta da gashinta. Ba mai tambayar dalili. Haka muka taso muka gani.

Farkon damina mutanen Dapaong suka zo sa ranar yayata. Sun zo da goro da atamfa, kawun ango kuma ya rungumo wani jan zakara da ya ce daga gonarsu ta Korbongou aka kamo shi. Zakara ne na gaske, mai tsawo, mai jan tukku. Ana cikin gaisuwa na tashi na ɗauko kwando kamar yadda aka saba. Baba ya harare ni. A ganinsa, kife kyautar surukai a gaban idonsu daidai yake da ce musu sun kawo cuta. Ya karɓi zakaran da hannu biyu, ya kwance masa ƙafa, ya sake shi a tsakar gida. Baƙi suka yi dariya da suka ga ya nufi kaji kai tsaye. Kaka tana zaune a kan tabarmarta. Ta bar shi, don ba a musu da mai gida a gaban baƙi, ko da kai ka haife shi.

Sati bai cika ba muka fara jin atishawa a akurki. Zakaran ne ya fara. Daga shi sai kaji. Ruwa yana zuba daga hancinsu, idanu suka kumbura, wasu har suka manne. In ka tsaya kusa sai ka ji ƙirjinsu yana kurkur kamar ana tafasa koko. Ƙwai ya ɗauke. Ruwan sama kuma bai tausaya mana ba, kullum ƙasa a jiƙe, iska da sanyi. Wata safiya muka ɗauko biyu a mace, washegari wata. Har tsohuwar dakwalwar da Kaka ta fi ji da ita ta koma gefe ta tsaya, fukafukai a sake.

Ranar da ta uku ta mutu, Baba ya dawo daga kasuwa da wuri. Na ji ƙarar wuƙa a kan dutse kafin in gan shi. Ku yi masa adalci, aikinsa ke nan: dabbar da ta kama hanya, a riga mutuwa isa gare ta, kada ta zama mushe.

"Inna, a yanka tun suna da nama," in ji shi. "In ya so na sayo miki wasu a kasuwar Kparatao."

"Na Kparatao da su aka kawo ni?"

"To jan nan ko shi kaɗai. Shi ya jawo."

"Kai ka sake shi, ba shi ya saki kansa ba. Mayar da wuƙarka kube, sarkin fawa. Gobe in surukanka suka tambaye ka zakaransu, sai ka nuna musu tukunya?"

Mma, mahaifiyata, tana bakin murhu, ta juya baya don kada a ga tana dariya. Baba ya mayar da wuƙar, ya ce to, amma in an wayi gari babu kaza ko ɗaya, kada a ce bai faɗa ba. Kowa a gidan ya san abin da hakan yake nufi. Yayata za ta zama ta farko da za ta fita hannu wofi, kuma zuriyar ta ƙare ke nan.

Kaka ba ta yi gaggawa ba, kuma ba ta haɗa aiki biyu a lokaci ɗaya ba. Wannan shi ne abin da na fi riƙewa.

Da farko ta raba. Masu lafiya gefe, masu atishawa gefe, waɗanda idonsu ya manne kuma aka shigo da su zauren baya inda iska ba ta bugawa. Kowane rukuni da kaskon ruwansa. Wanda ya taɓa marasa lafiya sai ya wanke hannu da toka da sabulu kafin ya je wajen sauran. Waɗanda suka mutu aka haƙa rami mai zurfi aka binne, ba a jefa wa karnuka ba.

Bayan haka ta fuskanci numfashi. Ta aiki ƙanin Baba a kan moto, wato babur, ya kira likitan dabbobi. Ya zo, ya buɗe bakin kaza ya duba, ya saurari ƙirjinta, ya ba da wani garin magani rawaya da za a riƙa damawa a ruwan sha, ya ce kada a daina don an ga sauƙi, kuma kada a ci ƙwan da aka yi a kan magani. Kaka ta sa ya maimaita, ta haddace. Nata aikin kuma shi ne wanke ido. Kowace safiya, kafin in tafi lekol, wato makaranta, nakan riƙe kaza a cinyata, ita kuma ta jiƙa tsumma mai tsabta a ruwan ɗumi da ɗan gishiri, ta goge idon a hankali har ya buɗe. Wadda ba ta iya ci, a dama mata dusa da ruwa a ɗura mata kaɗan-kaɗan. Jan zakaran ma haka aka yi masa, yana fizga yana tsattsage mini hannu.

Wajen riƙon nan ne muka gano abu na biyu. Na ji wani abu yana tafiya a damtsena. Kaka ta ɗaga fiffiken kazar, ta hura gashin, sai ga ƙwarƙwata tana gudu a kan fata, ƙwayayenta manne a gindin gashi. Ta gyaɗa kai kawai. Sai da atishawa ta ragu, rana kuma ta fito sosai, sannan ta sa aka kwashe duk ciyawar akurki aka ƙona, da ganyen dogon yaro a kai. Aka share, aka toshe tsagar bango da sabon yumɓu. Aka tankaɗe toka mai sanyi, aka shafe kowace kaza da ita, ƙarƙashin fiffike, wuya, da gindin wutsiya, ana kare mata ido da hanci. Ragowar tokar aka haɗa da yashi a wani fasasshen kwano a inda ruwa ba ya kaiwa, don su riƙa birgima da kansu. Bayan kwanaki aka sake, saboda ƙwayayen da suka ƙyanƙyashe daga baya.

Tsutsar ciki ita ta zo ƙarshe. Kaka ta daɗe da ganinta a kashinsu, siririya fara, amma ta ƙi taɓawa. Mma ta ce me ake jira? Kaka ta ce hanjin da bai riƙe abinci ba ba zai riƙe magani ba. Sai da suka fara tono da kansu, suna rige-rigen tsaba, sannan aka karɓo maganin tsutsa a wurin likitan, aka ba su da safe kafin su ci komai. Washegari muka share abin da ya fita, muka binne.

Wata safiya, doya sabuwa ta fara shigowa kasuwa, muka ji cara. Murya a shaƙe, kamar ta wanda ya tashi daga barci, amma cara ce. Baba yana alwala, ya tsaya da buta a hannu. Ba a jima ba tsohuwar dakwalwar ta fito daga akurki tana kyarkyara. Na sa hannu a sheƙa, na taɓa ƙwai mai ɗumi. Na kai wa Kaka da gudu. Ta juya shi a tafin hannunta, ta miƙa wa Baba.

"Ungo, riƙe. Wannan ba ya buƙatar wuƙa."

Da lokacin magani ya wuce ta tara wa dakwalwar ƙwai, ta yi kwanci, ta ƙyanƙyashe. Daga cikin 'yan tsakin akwai wata wake-wake sak irin uwarta, sai dai wuyanta ja ne. Kowa ya san inda ta samo shi. Bayan an girbe dawa aka ɗaura auren yayata, kuma wannan sagarar ce ta hau mota zuwa Dapaong. Kaka ta haɗa ta da sabon kwando, ta kira kawun ango gaban mutane.

"Ga jikar gidanku na mayar muku. Amma baƙuwa ce. A sauke ta a ɗakin baƙi tukuna, ta huta gajiya, kafin ta shiga cikin 'yan gida."

Ya karɓi kwandon yana dariya, ya ce an ji, Hajiya. Ko ya gane, ko bai gane ba, ban sani ba. Amma tun daga ranar sunan kwandon ya zama ɗakin baƙi, kuma ba a sake jin kunyar kife kazar kowa a gidanmu ba. Baba da kansa yake ɗauko shi.

Daga baya ni ma aure ya kawo ni Dapaong, da tawa sagarar. Abubuwa sun canza. Akwai rigakafi, akwai magani a kowane shago, har a waya ana tura wa mutum hoton kwalba a ce ya saya. Ina ganin mata suna zuba magani uku a kasko ɗaya, su sayo kaza da rana su sake ta cikin nasu da yamma, sannan su ce kiwo ba sa'a. Nakan faɗa musu sau ɗaya: a raba, a gyara numfashi, a kashe ƙwarƙwata, tsutsa ta zo ƙarshe. Mai ji ta ji.

'Yata ta fari an sa ranarta bayan sallah. Sagararta tana nan tana kiwo a bayan ɗaki, wake-wake, da ɗan ja a wuya. Kwandon ma na riga na saya.