Yawun Husna

Har gobe ban manta da Larabar da na karɓi yawun Husna ba. Ku da kuka shigo aikin nan jiya-jiya, ku saurara.

Lokacin ina ƙaramar nas a sashen haƙori, a Fatakwal. Likitar da nake ƙarƙashinta tana tara yawun ƙananan yara, tana son ta ga ko garkuwar jiki da ke cikin yawu na da alaƙa da ruɓewar haƙori. Ni aka tura wajen Hausawan unguwar Mile 2 Diobu, tunda ni kaɗai ke jin Hausa. Tsarin shi ne a duba bakin yaro, ya tofa a 'yar kwalba, a sa a ƙanƙara. A ɗakin gwaji sai su cire suna su manna lamba, daga nan babu mai sanin na wane ne. Ba magani muke bayarwa ba, kuma ba a mayar wa kowa sakamako.

Mutanenmu kuwa, a ce su ba baƙuwa yawun ɗansu? Tabɗi. Kwana uku ina yawo, kwalba huɗu na samu. Likita ta fara yi mini kallon wadda ba ta san aikinta ba.

Sai na shiga gidan wani mai albasa. Matarsa ta fito da Husna, 'yar shekara huɗu, haƙoranta duk sun yi baƙi, dasashin ƙasa ya ɗan tasa. Yarinyar na dafe da kumatu.

Uwar ta ce, "Anti nas, in an gwada za a san maganin da za a ba ta?"

Wallahi na san amsar. Amma kwalba ta biyar nake so. Na ce, "In sha Allahu, Maman Husna, ki ɗan jira sakamako." Ko takardar zuwa asibiti ban rubuta mata ba, wai sai na dawo. Washegari aka canja mini layi, ban koma ba.

Bayan kamar wata guda Maman Husna ta zo asibitinmu a kan okada, ita kaɗai. Muka gaisa, ta tambayi gida, ta tambayi aiki. Sannan ta ce kumburin ya sauka har wuya, zazzaɓi ya rufe yarinyar. Baban ya ce a kai ta asibiti, ita ta ce a'a, nas ta ce a jira. Da aka kai ta, an makara.

"Ba ƙara na kawo ba," in ji ta. "Kwananta ne ya ƙare. So nake kawai in ji me aka gani a yawun."

Na shiga wajen likita na tambaye ta. Ta buɗe firji, ga kwalabe jere, lamba bayan lamba. Ta ce ko ita ba ta san wacce ce ta yarinyar ba.

Na fito na gaya wa uwar babu sakamako, dama can babu. Ta gyara mayafi ta ce, "To. Allah ya saka da alheri."

Da zagina ta yi, da na fi samun sauƙi. Kunyar nan ba ta sake ni ba har yau.

Mutanenmu suna riƙe maganar mai farar riga kamar wasiyya. In ba ku da magani a hannu, ku faɗa musu ƙarara, ko da za ku koma ofis ba kwalba ko ɗaya. Ni tawa ta biyar, da ran Husna na samo ta.