Ƙasa da Sifili a Gonar Baba

Ni malamin lissafi ne a wata kwaleji cikin Mayahi. Duk shekara sai na tsaya gaban allo na gaya wa yara cewa yiwuwar kowane abu tana tsakanin sifili da ɗaya. Sifili, abin ba zai faru ba. Ɗaya, babu makawa. Wanda ya kawo mini amsa ƙasa da sifili, jan biro nake sawa in kece mishi shafi, in tambaye shi ko barci yake yi a aji.

Wata rana abokina da ya ci gaba da karatu a Yamai ya turo mini wata takarda ta waya. A ciki wasu masana suna cewa ana iya barin yiwuwa ta sauka ƙasa da sifili, ko ta haye ɗaya, a tsakiyar lissafi, muddin amsar ƙarshe ta dawo cikin iyaka. Na karanta ina tsaki. Na ce mishi waɗannan mutane ƙoshi ya yi musu yawa. Abin da ba zai faru ba, mi ya fi shi rashin faruwa kuma?

Da aka ba da hutu na hau kabu-kabu na tafi garinmu, kusa da Attantane. Damina ta yi jinkiri. Na tarar Baba ya fiddo irinsa daga rumbu, hatsi mai doguwar zangarniya da ya gada wajen kakana. Fari biyu a jere sun cinye shi, saura ƙwarya guda.

Mutanenmu suna binne. In ruwa ya ƙi zuwa, sai a sari busasshiyar ƙasa, a zuba iri a rufe, ya kwanta yana jiran ruwan farko. Baba yana so ya binne rabi, ya riƙe rabi. Ya dube ni da murmushin nan nasa na tsokana.

"To malam, kai da ka tsufa a lakwal kana karatun boko, mi lissafinka ya ce?"

Da na ja bakina na yi shiru da ya fi. Amma ina, tunda nake bai taɓa neman shawarata ba, sai kaina ya kumbura. Na ɗauki tsinke ina zana mishi a ƙasa. Na ce, "Baba, abu biyu ne. Ko a yi ruwa ya tsiro, mun riga kowa. Ko a ƙi yi, ya zauna a ƙasa lafiya lau. Mafi munin abin da zai same mu sifili ne. Don mi za a riƙe rabi?"

Ya ce, "Yayyafi fa?"

Na san yayyafi, ai a garin aka haife ni. Amma gabas kullum a haɗe take, rediyo kuma na ta cewa bana za a sha ruwa. Na ce mishi wannan yiwuwa ƙarama ce, ba ta isa a sa ta cikin lissafi ba. Ya daɗe yana kallon zanen. Ya ce, "Ka fi ni karatu." Washegari shi ke sara da sungumi, ni ina bin shi ina zubawa ina takewa da diddige, har ƙwaryar ta koma wayam.

Bayan kwana huɗu aka yi yayyafi. Ruwan bai ratsa ƙasa ya wuce tsawon yatsa ba, amma ya ishi iri ya farka. Gona ta yi tsiro gwanin kyau. Daga nan sama ta washe, rana ta buɗe wuta mako uku, iska ta kwaso rairayi ta ƙone ɗan abin da ya rage. Na bi ramukan ina tonawa da hannu, ko akwai ƙwayar da ba ta tsiro ba. Sai ɓawo.

Na koma na buɗe takardar abokina. A matsayina na malami na san ba abin da suke nufi ke nan ba, ni ne na cakuɗa yiwuwa da asara. Duk da haka raina ya ɓaci da su. Nasu lissafin yana sauka ƙasa ya dawo. Namu ya sauka, bai dawo ba.

Baba bai yi mini faɗa ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Da na nemi gafara, ya ce, "Ni na riƙe sungumin." Sai ya shiga bin garuruwa wajen mutanen da ya taɓa ba wannan iri, har Gidan Amumune, har Kona. Ko'ina amsa ɗaya, sun daka nasu a farin bara.

Da ruwan gaske ya zo, irin kasuwa muka shuka, mai gajeren kai. Ya ɗan yi, ba laifi. A ranar girbi ƙanen Baba ya same shi gindin gawo, ya ce, "Yaya, taso ka zaɓi kawunan da za a aje na irin baɗi, kafin a ɗaure." Baba ko kallon gonar bai yi ba. Ya ce a kai wa mata su daka duka.