Zaren likkafanin kakata

Rannan na ga wata mata tana sayar da alli a bakin kasuwa, sai na tsaya ina kallonsa. Irinsa kakata take dangwala wa yatsunta in tana kaɗi, a gidanmu na gindin Dala.

Mace ce mai faɗa, amma zarenta ya fi na kowa laushi. Kowace kaka, in auduga ta shigo gari, sai ta ware mafi fari ta kaɗa, ta ɓoye a tukunya. Wannan ba na sayarwa ba ne. Na likkafaninta ne, kuma ta ce masaƙin unguwarmu kaɗai zai saƙa shi. Ina ƙaramar yarinya, tsoron tukunyar nan nake ji.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, babana ya dawo da murna. Gwamnati ta ɗora haraji mai nauyi kan yadin da ake shigowa da shi daga ƙetare, don masaƙun zamani da ake ginawa a Arewa su tsaya da ƙafarsu. Maza a ƙofar gida sai sa albarka suke yi, har da masaƙin.

"Inna, an kare mu ke nan," in ji babana. "Audugarmu, yadinmu."

Ba ta ɗago kai ba. "Injin nan zaren wa zai saƙa, nawa?"

Babana ya juya ya fita ƙofar gida.

Da kakar ta zagayo, manyan motoci suka riƙa kwashe auduga tun daga ƙauye. Wadda take isowa wurin mata ta ragu. Sannan ƙarar saƙa ta fara ɗaukewa a lungunmu, gida bayan gida, har wata safiya muka ga masaƙin da kakin ma'aikata, ya nufi bayan gari. Kakata ta aika masa sau uku, kullum sai ya ce a yi haƙuri sai an ba shi hutu.

Da damina kakata ta rasu. A farin yadin kamfani aka naɗe ta, zarenta yana tukunya. Babana ne ya sayo yadin, kuma bai ƙara yabon harajin a gabanmu ba.

Ban ce maza sun yi kuskure ba, masaƙun sun ciyar da gidaje da yawa. Amma yau su ma an kulle su, ciyawa ta cinye harabarsu. Na tambayi mai yadi a kasuwa inda farin da ake yi wa mamata sutura yake fitowa. Ya ce daga ƙetare, Hajiya, kamu nawa za a yanka miki?